Kukis na 'ya'yan itace mai ƙarancin suga: me ya sa nawa ke fitowa luɓus?

Maman Husna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu hannu a harkar gashi ku zo ku fitar da ni.

Mahaifina yana zaune tare da mu, kuma likita ya ce ya rage zaƙi, sugan jininsa ya fara hawa, ko da yake bai kai a ɗora shi a kan magani ba. Shi kuwa Baba ba ya iya shan shayi haka nan sai da abin taunawa a gefe. Da na ɗauke masa biskit ɗin leda sai na ga ran tsoho ya ɓaci, shi ne na ce bari in riƙa gasa masa a gida, yara ma su samu.

Ga yadda na saba yi tun da: fulawa giram 250, bota 125, suga 200, ƙwai ɗaya, zabibi giram 100, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya. Yana ba ni guda 24, ya baje da kyau, gefensa ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras. Yanzu sai na cire sugan gaba ɗaya, na dama manyan ayaba uku da suka nuna sosai na zuba a madadinsa, na kuma rage bota zuwa rabi. Wuta da lokaci ban taɓa su ba, digiri 180, minti 12.

Abin da ke fitowa daga obin ba kukis ba ne. Yadda na ɗora shi a tire haka yake zama a dunƙule, fari fat, cikinsa luɓus, idan ka tauna har yana ɗan danƙo a haƙori. Na zuba a roba mai murfi, kafin mu cinye sai ga funfuna a jikinsa. Baba dai ya ci don kara, yaran kuwa zabibin kawai suka tsince.

Tambayata: ta yaya zan samu ƙaras-ƙaras ɗin nan ba tare da na koma wa suga ba? Wane ɗan itace ya fi dacewa? Sannan in an yi da 'ya'yan itace zalla, zan iya sakar wa Baba ya ci yadda yake so?

Anti Mai Gashi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma ya saka miki.

Ƙanwata, ruwa ne ya yi miki yawa. Ayaba wajen kashi 75 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne. Manya uku idan an ɓare za su kai giram 330 ko kusa da haka, kin ga kenan kin cire busasshen abu giram 200, kin zuba kusan kofi guda na ruwa a kwaɓinki. Da fulawa ta samu ruwa haka sai danƙonta ya tashi, ga ƙwai ga bekin foda, ai kwaɓin kek kika haɗa ba ki sani ba.

Kuma suga a kukis ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba, nan ne mutane da yawa ke rasa gane kan abin. Lokacin da kike buga shi da bota, ƙwayoyinsa ne ke huda botar su shigar da iska. Idan ya shiga wuta ya narke, shi ke sa kwaɓin ya saki jiki ya baje. Yana kuma riƙe ruwan da ke cikin kwaɓi, ya hana fulawa sha da yawa, shi ya sa kukis ba ya danƙo. Da an fitar ya huce sai narkakken sugan ya sake daskarewa, wannan shi ne ƙaras-ƙaras ɗin da kike nema. Ajiya ma shi ne: ruwan da suga ya riƙe funfuna ba ta samun damar amfani da shi. Kin sallami ma'aikacin da ke yin duk waɗannan ayyuka rana ɗaya, sannan kika rage bota, wadda ita ce za ta ɗan rufa miki asiri.

Farin da ya yi ma daga ruwan ne. Muddin saman kwaɓi a jiƙe yake, zafinsa ba ya wuce digiri 100, jan gashi kuwa ba ya kankama sai saman ya bushe zafi ya haura wajen 140. Minti 12 ɗinki duk a ƙafar da ruwa suka ƙare.

Ni shawarata kada ki cire suga duka. Yawancin haɗin kukis za ki iya rage kashi ɗaya cikin huɗu, har ɗaya cikin uku, ba wanda zai lura. In kina son ki sauka ƙasa da haka, to sai kin canza haɗin gaba ɗaya, kuma ki nemi zaƙin daga ɗan itacen da ba shi da ruwa. Dabino ne sarki a nan. Ga wanda nake yi:

Ots giram 150, ki niƙa rabi a bilenda ya zama gari, rabin ki bar shi yadda yake. Fulawa giram 100, in kina so ki raba ta biyu da garin alkama mai dusa. Bota giram 100. Dabino wanda aka cire wa ƙwallo giram 80. Suga giram 30. Ƙwai ɗaya. Zabibi giram 40. Bekin soda rabin ƙaramin cokali, kirfa ƙaramin cokali ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka.

Ki yayyanka dabinon ƙanana, ki zuba masa ruwan zafi babban cokali uku kacal, ki rufe na minti goma. Kada ki ga ya yi kamar bai jiƙa ba ki ƙara. Sai ki murje shi da bayan cokali har ya zama kamar man shafawa mai kauri, ki bari ya huce. Ki buga bota da sugan nan giram 30 har ta yi haske, ki zuba dabinon ki ci gaba da bugawa, sannan ƙwai. Busassun kayan ki haɗa su daban, ki juye, ki juya da ludayi iya yadda garin zai ɓace. Kada ki murza shi kamar na burodi. Ki saka a firij rabin awa, don ots ya tsotse ɗan ruwan da ya rage.

Wajen ɗorawa a tire nan ne aikin. Tunda ba zai baje da kansa ba, ke za ki baje shi. Ki cura guda 24, kowanne ki danne shi da gindin kofi da kika ɗan shafa wa mai, har kaurinsa ya dawo rabin santimita, ko ya ɗara kaɗan. Yadda kika ɗora shi haka za ki sauke shi, don haka ki gyara gefen tun yana ɗanye. Digiri 170, minti 14 zuwa 16. Na rage wutar ne saboda zaƙin dabino da na zabibi ya fi farin suga saurin ƙonewa. Idan gefen ya yi ja, ki rage wuta zuwa 120 ki bar shi wasu minti goma ya ƙarasa bushewa. Dabarar mutanen Italiya ce a biskit ɗinsu da suke gasawa sau biyu, kuma tana aiki a nan. Ki sauke a kan raga ya sha iska ta sama da ƙasa. Kada ki yanke masa hukunci yana da zafi, sai ya huce sarai yake ƙarfi.

Soda na ce, ba foda ba. Foda kumburi take sawa, ke kuma ba kumburi kike nema ba. Soda tana taimaka wa kwaɓi ya yi ja ya ɗan saki, kuma ɗan tsamin da ke cikin dabino ya ishe ta aiki. Sai dai in ta wuce rabin cokali za ki ji ɗanɗanon sabulu.

Gishiri da kirfa kuma kada ki raina su. Suna sa harshe ya ji abu ya fi yadda yake zaƙi. Bawon lemo da aka goga, ko ɗigon banila, su ma haka.

'Yar Auta:

Anti Maman Husna, ni fa ban ga abin wahala ba. Ki sa zuma kawai a madadin sugan, rabin kofi ya isa. Ni haka nake yi, yana yin ja da kyau ga ƙamshi, kuma tunda ba suga ba ne Baba zai ci hankali kwance.

Abban Sadik:

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri na shigo zancen gashi alhali ban iya kunna obin ba. Matata ce ke yi, ni nawa ci ne da lissafi, don na daɗe ina fama da ciwon suga, sikeli ya zama abokina.

Malama 'Yar Auta, zuma tana da darajarta, ba mai musu. Amma a maganar sugan jini an gudu ne ba a tsira ba. A giram 100 na zuma, wajen 82 suga ne. Kuma ta fi suga nauyi a cokali: babban cokali na farin suga bai wuce giram 12 zuwa 13 ba, na zuma kuwa yana kai giram 21, wanda wajen 17 a ciki suga ne. Rabin kofin da kika ce cokali takwas ne, kusan giram 140 na suga kenan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta saka zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse a layi ɗaya da sugan da ake zubawa a abinci. Ta ce irin wannan suga kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, in da hali ma ya sauka ƙasa da kashi 5, wato wajen giram 25 ga babba, ƙaramin cokali shida. Sannan tunda an ce yara ma za su ci, a tuna ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da an gasa ta a cikin abu.

Yanzu tambayar Hajiya Maman Husna ta ƙarshe, wadda ita ce ta sa na tsaya na rubuta. A'a, ba za ki sakar masa ba. Busasshen ɗan itace ai ɗan itace ne da aka cire wa ruwa aka bar zaƙin a tattare. Dabino wajen giram 63 zuwa 66 na suga ne a kowane giram 100. Zabibi wajen 60. Ayabar da ba a busar ba 12 ko sama kaɗan in ta nuna sosai, tuffa wajen 10. Abin da ya sa suka fi farin suga shi ne suna zuwa da faiba, wato ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa, da su fotasiyam, ba wai jini ba ya ganin zaƙinsu ba.

Na ɗauki biro na buga haɗin biyu. Naki na da: suga 200, zabibi giram 100 ya kawo wajen 60, jimilla 260, a raba gida 24, kowane kukis yana ɗauke da kusan giram 11, ƙaramin cokali uku saura kaɗan. Na Hajiya Mai Gashi: dabino ya kawo wajen 52, zabibi 24, suga 30, jimilla 106, kowane ɗaya giram 4 da rabi, ƙaramin cokali ɗaya da 'yan kai. An sauka ƙasa da rabi, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Amma ku lura, dabino da zabibi su suka kawo kashi mafi yawa, ba farin sugan da kowa ke tsoro ba. Kuma a dokar Tarayyar Turai ba a rubuta wa abincin da ba na ruwa ba cewa yana da ƙarancin suga sai in bai wuce giram 5 a cikin 100 ba. Wannan kuwa zai kai wajen 20. Sunansa na gaskiya wanda aka rage wa suga.

Wani abin da ake mantawa: fulawa da ots su ma sitaci ne, jiki yana mayar da su suga. In aka haɗa duka, kowane kukis ɗin nan yana da giram 11 zuwa 12 na abin da ke ɗaga sugan jini. Ots dai ya fi farar fulawa, saboda irin faibarsa tana yin yauƙi a ciki ta rage saurin shigar suga jini, musamman wanda ba a niƙa ba. Shi ya sa na ji daɗin da Hajiya ta ce a bar rabi yadda yake.

Abin da nake yi, in ba za a ce na cika iyayi ba: guda biyu, bayan abinci, ba da yunwa ba, shayin kuma babu suga. In akwai na'urar gwaji a gidan, a gwada Baba kafin ya ci da kuma bayan awa biyu, a rubuta a nuna wa likitansa. Jikin kowa da yadda yake karɓar abu, ni ayaba ta fi tayar min da sugan jini fiye da yadda lissafi ya nuna.

Kuma a riƙa karanta bayan leda in za a sayi busassun 'ya'yan itace. Abarba, mangwaro, gwanda da kiranberi sau da yawa an jiƙa su a ruwan suga kafin a busar. In kika ga suga a jerin kayan haɗin, ki ajiye.

'Yar Auta:

Kai, Malam, ka kashe min jiki. To su sitibiya da sauran masu zaƙin nan da ba suga ba fa?

Abban Sadik:

Sitibiya ta ninka suga zaƙi sau 200 zuwa 300, don haka ɗan mitsitsi ake sawa, ba za ta cike gurbin giram 200 a kwaɓi ba, ba ta narkewa ta baje shi, ba ta sa shi ja. In ta yi yawa kuma tana barin ɗaci a maƙogwaro. Asfatam zafin obin yana kashe masa zaƙi. Iritiritol yana da jiki kamar suga, amma ba ya ja, yana sa sanyi a baki, kuma danginsa irin su sobitol suna ɓata ciki in an ci da yawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin su sitibiya da asfatam don rage ƙiba, sai dai ta ce shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba. Ni dai na fi son a rage zaƙin a hankali har harshe ya saba.

Maman Husna:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, lissafin nan naka ya buɗe min ido, da niyyata in cika dabino in ce ai babu suga.

Anti, na gwada naki. Ya yi ja, gefen ya yi ƙaras, tsakiyar da ɗan taushi kaɗan, kuma Baba ya fi son sa haka saboda haƙoransa. Da na ɓalla ɗaya har na ji ƙararsa, ƙwayoyin ots ɗin sun gasu sun yi ruwan zuma. Matsala ɗaya, zabibin da suka leƙo sama sun kumbura sun yi baƙi, suna ɗaci. Sannan yarana ayaba suke so, ga tuffa tana neman lalacewa a firij. Babu yadda za a yi da ɗanyen ɗan itace kenan? Botar ma ina ganin kamar ta yi yawa ga mai shekaru.

Anti Mai Gashi:

Madalla. Zabibi kam haka yake yi, duk wanda ya fito fili wuta za ta ci shi. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi minti goma, ki tsane shi sosai a tsumma mai tsabta, ki datsa kowanne biyu. Bayan kin danne kukis ɗin, wanda kika ga ya leƙo ki tura shi ciki da ɗan yatsa ki ja kwaɓi ki rufe. Tiren kuma ya zauna a tsakiyar obin, in naki mai fanka ne ki rage digiri 15 zuwa 20.

Ɗanyen ɗan itace ana yi, sai dai ki fara raba shi da ruwansa. Ayaba ɗaya tak, ba uku ba. Ki dama ta, ki zuba a kaskon da ba ya kamu, ƙaramar wuta, kina juyawa har ta ragu kusan rabi ta yi duhu, in kin ja cokali a tsakiya hanyar ba ta rufewa. Za ki ji ƙamshinta ya canza. Ki sa ta a madadin rabin dabinon, kuma ki yi amfani da gwaiduwa kaɗai, don farin ƙwai kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne. Duk da haka na ayaba ba zai taɓa kai na dabino ƙarfi ba, kada ki sa rai.

Tuffa ta ma fi ayaba ruwa, wajen kashi 85. Kada ki markaɗa ta. Ki yanka ƙanana kamar girman zabibi, da bawonta, ki baza a tire a kan takardar gashi, digiri 100, wajen awa ɗaya ko fiye, har ta yanƙwane tana lanƙwasuwa ba ta fitar da ruwa in kin matsa. Sai ta maye gurbin zabibin. Da kirfa ba a magana. In kin zaɓi mai ɗan tsami ta fi fitowa a baki.

Bota kuwa, kada ki sauka ƙasa da giram 80 haka kawai, zai koma danƙon da kika gudo. In kina son rage ta, ki cire giram 30 ki sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko almon wadda ba a sa wa suga ba daidai wannan nauyin. Man da ke cikinsu zai yi aikin, kuma sun fi riƙe ciki. Sai dai ki tabbatar babu yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa.

Ajiya: na dabino da ya bushe sosai zai yi kwana huɗu zuwa biyar a gwangwani mai murfi, in ya huce sarai kafin ki rufe. Mai ayaba ko tuffa firij za ki sa shi, ki cinye cikin kwana uku ko huɗu, kuma kada ki haɗa su gwangwani ɗaya da na dabino, zai ba shi danshi su yi laushi tare. Abin da ya fi sauƙi, ki cura ki danne duka 24, ki gasa takwas, sauran ki jera a tire su daskare a firiza sannan ki juye a leda. Suna yin wata biyu lafiya. Ranar da kike so ki ɗauko ki jefa a obin a daskarensu, ki ƙara minti biyu a kan lokacin.